Lafiya Lau a Kan Dutse

Ɗakin da Chaibou ya kama a Saint-Denis ba zai ɗauki mutum da keke ba. Ko dai shi ya kwana a ciki, ko keken. Shi ya sa da ya gama karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon, ya samu aiki a Paris, sai ya bar keken a Lyon, a hannun Yaya Mamadu, wani ɗan garinsu Maraɗi da ya girme shi nesa ba kusa ba. Can ƙarƙashin benen da Mamadu ke haya a La Guillotière akwai ɗakin tarkace, a nan keken yake jingine tsakanin tsohuwar katifa da akwatuna. Duk ran da kaɗaici ya kai wa Chaibou wuya, sai ya yi sammako ya hau jirgin ƙasa, ya je ya ɗauki abinsa ya nufi duwatsu.

Kaɗaicin kuwa ya kai masa wuya. Shekara ta kusa zagayowa yana Paris, amma har yanzu babu gidan da zai shiga ya cire takalmi ba tare da an gayyace shi ba. Da safe yana matse cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na sha uku, kafaɗar wani a hancinsa, jakar wata a haƙarƙarinsa, kuma duk cikinsu babu wanda ya san sunansa. A biro, wato ofis, abokan aiki mutanen kirki ne, ba za a ce ba. Suna ce masa "Ça va?", wato "lafiya?", suna tafiya, kafin ya buɗe baki sun kai wurin injin kofi. Shi ma ya koyi jefa musu amsar a baya.

Ranar Asabar ɗin nan ta ƙarshen bazarar Turawa, ya isa ƙofar Mamadu da hantsi. Mamadu ya buɗe da jaririya a kafaɗa, ido ja don rashin barci.

"A'a, Chaibou! Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

"Babu gajiya, Yaya."

"Ina Paris? Ina aiki?"

"Lahiya lau, walle. Aiki da godiya."

Mamadu ya tsaya yana kallon sa. Ya ga ramar da ya yi, ya ga wuyan rigar ya yi masa yawa. Har ya buɗe baki zai sake tambaya, sai matarsa Hamdiya ta ƙwala kira daga ciki, wai madara na zuba a kan wuta. Jaririyar ta tsandara kuka. Mamadu ya laluba aljihu ya miƙo makullin ɗakin tarkace.

"In ka dawo ka jefa shi cikin boîte ɗin wasiƙu. Mu za mu suna Vénissieux, sai dare. Kai dai da hawan dutsen nan naka! Mutum ya baro ƙasa shimfiɗaɗɗa ya zo yana neman inda zai faɗo. Allah shi kiyaye."

"Amin, Yaya."

Aka rufe ƙofa. Chaibou ya ɗan tsaya a kan matakala yana jin muryoyinsu a ciki, da ƙamshin albasa. Sannan ya sauka ya ɗauki keken.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya gane tun yanzu, don a kansa komai ya rataya: a gidan da aka haifi Chaibou ba a amsa tambayar farko da gaskiya. Mutum yana kwance bai iya ɗaga kai, a ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Mai tambaya ya san haka, shi ya sa ba ya tashi. Zai zauna, a kawo masa ruwa, a taɓa zancen damina, ya sake tambaya. A karo na uku ne, in an yi ƙasa da murya, ake faɗin inda ke ciwo. Haka Chaibou ya ga mahaifinsa na yi, haka kakarsa, har abin ya zauna masa a harshe. Bai taɓa lura cewa tsarin yana buƙatar mutum biyu ba, mai ɓoyewa da mai zama.

Hawan keken dutse kuwa wani abokin karatunsa ne, Amine, ya koya masa. Shi ya fara jan sa zuwa duwatsun Alp a shekararsu ta biyu, ya ɗora shi a keken aro, ya yi ta dariya yana kallon ɗan Maraɗi na saukowa gangare da ƙafa biyu a ƙasa. Kafin su gama karatu Chaibou ya fi shi. Abin da ake kira enduro ke nan: ka hau can ƙololuwa, ka gangaro ta wata siririyar turba da ba a share ba, duwatsu da saiwoyi da ramuka duk yadda Allah ya ajiye su. Amine ya tafi Montréal tuni, ya yi aure. Sukan aika wa juna hoto jefi-jefi.

Daga Lyon ya hau jirgi zuwa Grenoble, daga nan mota ta yi ta nannaɗe hanya da shi har wani ƙauye da ke maƙale a gefen dutse. Rana ta riga ta karkata. Wannan ne makon ƙarshe kafin a rufe wurin wasan keken sai baɗi, don haka mutane ba su da yawa. Ya sa hular kwano mai rufe haɓa, ya ɗaura kariyar gwiwa, ya rataya keken a ƙugiyar kujerun nan masu tafiya a kan waya, ya zauna shi kaɗai a kujerar mutum huɗu. Ƙasa ta yi ta nisa. Shanu masu ƙararrawa a wuya suka koma ƙanana. A sama babu itace ko ɗaya, sai ciyawa gajera da tsakuwa, can gaba kuma kawunan duwatsu da ragowar dusar ƙanƙara a tsagoginsu.

Ya yi sauka biyu ta turba mai sauƙi don jiki ya sake. Da ya hau karo na uku sai ya zagaya bayan ɗakin injin, ya yi alwala da ruwan gorarsa, ya haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa. Sanyin ƙasa ya ratsa goshinsa. Da ya sallame babu kowa dama, babu kowa hagu. Ya miƙe ya nufi turbar da aka yi wa baƙar alama don haɗarinta, wadda ke bi ta bayan dutsen, nesa da sauran.

Ya tashi daga sirdi, ya sunkuya, ya saki birki.

A gaskiya don wannan yake zuwa. Farkon turbar kan tsaunin take bi, faɗinta bai wuce tabarma ba, hagu kwari, dama kwari. Tsakuwa na tsalle daga ƙarƙashin taya tana buga ƙarfen keken. Sai gangare ya karye ƙasa gaba ɗaya, ya ja ƙugu baya har tayar baya ta kusa goge masa wando, yatsa ɗaya a kan kowane birki, yana matsawa yana saki. Kwana ta zo, ya kalli mafitarta ba bakin ramin ba, keken ya bi idonsa. Wata kwanar. Dutse mai faɗi ya tsaya a gaba, ya ɗaga ƙahon keken, na ɗan lokaci babu abin da ke taɓa ƙasa, sannan tayoyin suka dira tare, ƙarfin ya hau ta gwiwoyinsa ya ɓace. A nan babu Paris. Babu wurin da kaɗaici zai zauna a ka, domin kan ya cika da dutse na gaba da wanda ke bayansa. Har ihu ya yi cikin hular, shi da ba ya ɗaga murya.

Turbar ta faɗa cikin daji, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, duhu-duhu da laima. An yi ruwa cikin makon, ƙasa ba ta bushe ba a inuwa. Ya fito daga wata matsattsiyar kwana da gudun da ya fi ƙarfin wurin, sai ga saiwa kwance a karkace, baƙa, tana sheƙi. Ya san ba a taɓa birki a kan jiƙaƙƙiyar saiwa. Yatsansa ne bai sani ba. Tayar gaba ta zame, ƙahon ya juya, ya ga itatuwa a ƙasa ƙasa a sama, sannan ya ji ƙas, a cikin jikinsa ba a waje ba.

Ya daɗe kwance yana neman numfashi. Da ya samu, sai ya fara duba kansa gaɓa-gaɓa. Ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗar dama ya karye, yana jin tudunsa a ƙarƙashin riga. Idon sawun hagu ya fara cika takalmi. Wayarsa da ke aljihun ƙirji ta lanƙwashe, gilashin ya zama gari, ya danna ya danna ba ta ce komai ba.

Abu na farko da ya tuna shi ne dokar Amine: in ka faɗi, fitar da kanka da kekenka daga hanya kafin na baya ya hau ka. Da hannu ɗaya da ja da gindi ya janye keken gefe, gumi na keto masa. Wannan daidai ne. Abin da ya yi bayan haka ne ba Amine ya koya masa ba. Ya jingina keken da itace tsaf, kamar wanda ya tsaya shan iska. Ya cire hular, ya goge jinin haɓarsa da safar hannu, ya karkaɗe laka daga gwiwa. Ya zauna ya jingina, ya ɗora hannun dama a cinya, ya lulluɓe shi da ɗayan. Ai ba a tarar da namiji a baje a ƙasa. Wanda ya gan shi a lokacin zai rantse hutawa yake.

Ba a jima ba ya ji su tafe, ƙarar sarƙa da ihu. Samari uku. Na gaba ya rage gudu, ya juyo da hularsa.

"Ça va?"

"Ça va, ça va, merci."

Bai ma san ya faɗa ba. Har da murmushi. Saurayin ya ɗaga babban yatsa, su ukun suka shige kwana ɗaya bayan ɗaya, dajin ya haɗiye ƙararsu.

Chaibou ya bi wurin da kallo, ransa ya ɓaci. Wane irin mutane ne waɗannan? Ba su ga fuskarsa ba? To, Malam Chaibou, me za su gani? Kai ka goge jinin da hannunka. Sun tambaya, ka amsa, sun yarda da kai, don a wurinsu girmama mutum ke nan, a ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Ya san haka sarai. Sanin bai rage masa haushi ba.

Ya yi wa kansa alkawari na gaba zai gaya masa. Ya ma shirya kalmomin da Faransanci, ya jera su. Ciwon ya fara tashi sosai yanzu, kowane numfashi sai ya ja ƙashin.

Na gaban wani dattijo ne mai furfura a gemu, yana saukowa a hankali. Wannan har tsayawa ya yi, ya sa ƙafa a ƙasa, ya ɗaga tabarau.

"Ça va, saurayi?"

"Ça va."

"Ba taya ba ce? Ina da famfo."

"A'a, taya lafiya take. Na gode."

Gaskiya ne kuma, tayar lafiya take. Ga shi an yi tambaya biyu. Dattijon bai tafi ba, ya ciro gora ya sha ruwa, ya ce saiwoyin nan mugaye ne yau, ya ce shekara da shekaru yana bin turbar nan bai taɓa ganin ta da santsi haka ba. Chaibou ya ce haka ne. Maganar na nan a bakinsa, ta uku kawai yake jira, a ɗan yi ƙasa da murya a ce masa, ka tabbata? Dattijon ya mayar da gorar, ya sauke tabarau.

"To, a huta lafiya. Kar ka daɗe, sun kusa rufewa."

Ya tafi. Kiran babba daga baya, bayan ka riga ka ce masa lafiya, ka tsayar da shi ka ce ƙarya na yi? Kunya ta hana Chaibou kira har ƙarar keken ta ɓace.

Daga nan babu wanda ya sake zuwa. Akwai wani gunji da ke tashi daga can nesa tun da ya iso, na injin da ke jan kujeru, wanda kunne ya saba da shi har ya daina ji. Sai da ya tsaya Chaibou ya san yana nan. Shirun da ya biyo baya ya ba shi tsoro. Rana ta faɗa bayan dutsen, sanyi ya taso daga ƙasa ya shiga rigar da gumi ya jiƙa. Ya kama itacen ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi, ya zube a kan kafaɗar. Wannan karon kukan da ya yi ba na mutum mai ladabi ba ne, amma babu wanda ya ji.

Yana kwance da kunci a kan laka ya yi lissafin da bai so yi ba. Mamadu na wurin suna, ba zai duba makulli ba sai gobe ko jibi. A biro sai Litinin za a ga kujerarsa babu kowa, su ma za su ce ko mura ce. Bai gaya wa kowa sunan ƙauyen nan ba, balle turbar. Duk duniya babu mai jiran sa yau. Ya daɗe da sanin haka, amma bai taɓa faɗa wa kansa a fili ba sai yanzu, kuma ya fi ƙashin zafi. Kwana a nan da wannan rigar, a wannan tsayin, ya san abin da yake nufi. Ya yi salati. Ya ja jiki ya koma ya jingina da itacen, haƙoransa na haɗuwa. Kuma, Allah shaida, ya sake karkaɗe lakar daga kuncinsa.

Sai ya ji birki a sama, ɗan gajeren kuka, ya sake, ya kuma. Keke ɗaya. Jar riga ta ɓullo tsakanin itatuwa, irin ta ma'aikatan wurin. Mace ce, ita ce mai bin turba daga ƙarshe ta tabbatar ba a bar kowa ba. Bayanta babu wani. Ta rage gudu, ta dube shi, ta dubi keken da ke jingine tsaf.

"An rufe, Monsieur, sai a sauka. Ça va?"

"Ça va."

Amsar ta fita. Kamar atishawa, kafin ya tare.

"To, ka biyo ni, kar duhu ya same ka."

Ta taka feda. Jar rigar ta shiga kwana, ta fito a ƙasa, ta sake shiga wata. Yana ganin ta tana ƙanƙancewa ta tsakanin itatuwa. Babu ta uku. Ba za a yi ta uku ba, yau ko gobe, a nan ko a Paris. Ya cika ƙirji da iska, ƙashin ya soke shi har ya ga wuta.

"Madame!"

Muryar ta fito a shaƙe. Ya sake, da duk abin da ya rage masa.

"Madame! Ça va pas! Ba lafiya! Ban iya tashi! Don Allah!"

Rabi Faransanci rabi Hausa, dutsen da ke tsallaken kwarin ya maido masa da shi. Sannan shiru. Bai ga jar rigar ba. Ya kasa kunne har yana jin jininsa. Wani tsuntsu ya yi kuka ya daina. Ya rufe ido.

Takun takalmi ne ya fara ji, da tsakuwa na gangarawa, da haki. Ta yar da keken a ƙasa ta hawo da ƙafa, hula a hannu, gashinta ya manne a goshi. Ta durƙusa gabansa, ta kalli yadda kafaɗar ta faɗa, ta kalli takalmin, ta ja tsaki. Ta ciro rediyon da ke ƙirjinta ta yi magana da sauri, ta faɗi sunan turbar da kwanar, ta ce a kawo abin ɗaukar mutum. Sannan ta warware wani bargo mai ƙyalli daga jakarta ta naɗe shi da shi.

"Sunana Najla. Kai fa?"

"Chaibou."

"Chaibou, tun yaushe kake nan?"

"Da ɗan dama."

"Mutum nawa suka wuce ka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kuma duk ka ce musu ça va." Ba tambaya ba ce. Ranta a ɓace yake, tana gyara bargon. "Da iska ta kaɗa wani gefen da ban ji ka ba. Ka gane? Da na sauka na ce babu kowa."

"Ki yi haƙuri. A garinmu haka ake cewa."

Ta dube shi kamar za ta ƙara faɗa, sai ta fasa. Ta ajiye hular, ta zauna a kan lakar kusa da shi, kafaɗarta na taɓa tasa mai lafiya don ya samu ɗumi. Ta ce masu ɗaukar sa za su ɗan jima, hanyar mota ba ta kawowa nan. Ta ba shi ruwa, ta riƙe masa gorar. Suka zauna suna kallon duhu na cika kwarin, fitilun ƙauyen na kamawa can ƙasa. Bayan wani lokaci ta juyo, ta yi ƙasa da murya.

"To. Yanzu gaya mini. Ina ke ciwo?"

Ya daɗe rabon da a zauna a tambaye shi haka. Hawaye suka zubo masa, bai da hannun gogewa, bai kuma nemi ɓoyewa ba. Ta jira, ba ta kawar da kai ba. Amsar tana da yawa, ta faro tun daga wani ɗaki a Saint-Denis, bai san ta inda zai kama ta da Faransanci ba. Sai ya fito da hannun hagu daga cikin bargon ya nuna mata kafaɗar, don ita ce ake iya nunawa da yatsa.